INA ZA A AJIYE JIRGIN IDAN RUWA YA DASKARE?

'Yan'uwa masu karatu, a filinmu na wannan wata za mu yi tafiya mai nisa, zuwa arewacin Amurka da Kanada, inda sanyi yakan daskarar da tafki har mutum ya yi tafiya a kansa da ƙafa. Akwai wata damuwa da take samun magidanta a can kowace shekara, tun ba wanda ya sayi sabon jirgin ruwa ba. Damuwar ita ce, ina zai ajiye jirgin nan idan sanyi ya shigo? Wataƙila wani ya ce, mu ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu taɓa ganin kogi ya daskare ba? A dai yi haƙuri a bi mu, gama maganar ta shafi masuntanmu da masu fito, ta kuma shafi duk wanda yake tara kuɗi domin sayen wani babban abu.

Ƙasar da ruwa yake zama kamar dutse

A yankin iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna 5, watau Sufiriya, da Mishigan, da Huron, da Iri, da Ontariyo. Tafkin Sufiriya kaɗai ya kai murabba'in kilomita 82,000, ya fi jihar Neja faɗi ke nan. Ban da waɗannan, jihar Minisota tana da ƙananan tafkuna fiye da 11,000. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga leburan masana'anta ko malamin makaranta yana da ɗan jirginsa na kamun kifi ko na shan iska da iyali.

Amma morewar ba ta wuce rabin shekara. Ana sa jirage cikin ruwa a watan Afrilu ko Mayu, a fitar da su a watan Oktoba. Daga nan sai sanyi. A garin Dulut, wanda yake bakin Tafkin Sufiriya, sanyi yakan kai awo 20 ƙasa da sifiri a watan Janairu, wani lokaci ya zarce haka. Ƙananan tafkuna sukan yi ƙanƙara mai kaurin ƙafa 2 ko fiye, har mutane su tuƙa mota a kai. Tafkin Iri, da yake shi ne marar zurfi a cikin manyan, yakan kusan rufewa sarai a shekarar da sanyi ya tsananta. A shekarar 1979 ƙanƙara ta rufe kusan kashi 95 cikin 100 na dukan manyan tafkunan nan. Ko manyan jiragen ƙarfe masu ɗaukar alkama da tama sukan huta, gama ƙofofin ruwan da suke bi tsakanin Sufiriya da Huron ana rufe su ran 15 ga Janairu, ba a buɗewa sai 25 ga Maris. To, idan giwa ta fake, ina ga zomo?

Magabcin jirgi

Kafin mu duba wuraren ajiya, ya kamata mu san magabcin da ake gudu. Yawancin abubuwa sukan tsuke idan sun yi sanyi, amma ruwa dabam yake. Idan ya daskare yakan kumbura da wajen kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya taɓa manta kwalbar ruwa cike a cikin firji har ta fashe ya ga wannan da idonsa.

Injin jirgi kuwa da ruwan tafki yake sanyaya kansa. Yana zuƙo ruwa, ruwan ya zaga ta cikin hanyoyin da suke jikin ƙarfen, sa'an nan ya fita. Idan an kashe inji, wani ruwa yakan saura a ciki. Dare guda na tsananin sanyi ya isa ragowar ruwan nan ya daskare, ya tsaga ƙarfen injin. Mai jirgi ba zai sani ba sai bayan wata 6, ranar da ya ta da inji ya ga ruwa ya gauraye da baƙin mai. Sau da yawa irin wannan tsagewa ba ta gyaruwa, sai sabon inji, inji kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin ƙaramin jirgi.

Saboda haka, ko'ina za a ajiye jirgi, akwai aikin da ba makawa. Za a tsiyaye ruwan inji da na famfo da na tiyo duka, a ɗura maganin hana daskarewa. Na jirgi dabam yake da na mota, gama na mota guba ne ga kifi da dabbobi. Za a canja baƙin mai. Za a zuba magani cikin tankin fetur, domin yawancin fetur na Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda ake yi da masara, shi kuwa yana jan laima idan ya daɗe a ajiye. Za a cire batir a kai shi ɗaki, a riƙa yi masa caji, gama batirin da ya yi sanyi yana saurin daskarewa ya fashe. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin wanda muke gani a kwale-kwalenmu, ya fi sauƙin sha'ani. Idan an bar shi a tsaye, farfela tana ƙasa, ruwan cikinsa yakan tsiyaye da kansa.

Wurare huɗu

Bari mu ɗauki misalin wani magidanci a Dulut wanda ya sayi jirgi a watan Yuli, ya yi ta murna da 'ya'yansa har Satumba ta yi. Wurare huɗu ne a gabansa.

Na fari, ya bar jirgin cikin ruwa a tasha. Wannan ya fi yiwuwa a inda sanyi bai tsananta ba. A inda ya tsananta, sai an sa na'urar da take motsa ruwa dare da rana. Hikimar ita ce, a lokacin sanyi ruwan ƙasan tafki ya fi na sama ɗumi kaɗan, sai na'urar ta riƙa turo na ƙasa zuwa sama domin kada ƙanƙara ta kama jikin jirgi. Amma ran da wutar lantarki ta ɗauke, na'urar ta tsaya ke nan. Ƙanƙara kuwa idan iska ta tura ta, tana iya murƙushe jirgi. Idan kuma wani tiyo ya fashe a ƙasan jirgin, zai nutse a inda yake, ba mai gani.

Na biyu, a ɗaga jirgin da babban inji a ajiye shi a filin tasha, bisa ƙafafun ƙarfe, a lulluɓe shi. Yawanci da farar leda mai kauri ake lulluɓewa, a bi ta da zafi har ta matse jikin jirgin kamar fatar ganga. Dole a yi mata tsororuwa kamar jinka domin dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, gama idan ta taru nauyinta yakan karya abin da ya tokare ledar. Dole kuma a bar 'yan kafofin shan iska, in ba haka ba laima ta taru a ciki, kujeru da katifu su yi fumfuna. Abin da sabon mai jirgi ba ya sani shi ne, injin jirgin da yake kan tudu ya fi na cikin ruwa saurin daskarewa, domin iska mai sanyi tana kewaye shi ta ko'ina. Kuɗin ajiya kuwa bisa ga tsawon jirgi ko faɗin wurin da ya ci ake yankawa, kowace ƙafa da kuɗinta.

Na uku, a sa shi cikin babban sito mai rufi. Akwai sito marar ɗumi, wanda yake tsare jirgi daga dusar ƙanƙara da iska da ɓarayi, amma sanyi yana shiga. Akwai kuma wanda ake ɗumama shi dukan lokacin sanyi, shi ne mafi tsada duka. A irin wannan, mai jirgi yana iya zuwa ya yi fenti da gyare-gyare a watan Fabrairu, babu rawar ɗari. Amma akwai wata ƙa'ida. Jirgin da ya fara shiga shi ne yake can ƙurya, ba ya fita sai na gabansa sun fita.

Na huɗu, ya jawo shi gida bisa tirela, ya ajiye a gareji ko a bayan gida. Wannan shi ne mafi araha, idon maigida kuma yana kai. Amma sai jirgin ya zama ƙarami, motarsa kuma tana da ƙarfin jansa. Mutane da yawa sun auna tsawon jirgi, suka manta da tsawon hancin tirela da na injin baya, sai ƙofar gareji ta ƙi rufuwa. Idan jirgi ya ci gareji, motar uwargida ce za ta kwana cikin dusar ƙanƙara wata 5, wannan kuwa ya isa ya kawo magana a gida. Waɗansu unguwanni ma suna da dokar da ta hana ajiye jirgi a ƙofar gida. Idan a waje zai zauna, sai an ɗaga gabansa, a cire matoshin ƙasansa domin ruwan da ya shiga ya sami mafita, sa'an nan a yi ta fama da ɓeraye, waɗanda suke neman mafaka su ci waya da soso.

Yadda ake zaɓe

Babu wuri guda da ya fi wa kowa. Wanda yake da lokaci da basirar hannu, gida ya fi masa. Wanda ba shi da su, gara ya biya masu sana'a. Araha a nan ba kyauta ba ce, wanda bai biya da kuɗi ba zai biya da guminsa, wanda kuwa ya ƙi biya da ko ɗaya zai biya da injinsa.

Abu na fari da za a tambaya shi ne, da me aka yi jirgin? Na alminiyam ba ya tsoron sanyi sosai, ƙarami ma kife shi kawai ake yi bisa itace. Na faiba yana son a fitar da shi ya sha iska. Na katako kuwa sito mai ɗumi yana iya cutar da shi, domin busasshiyar iska tana sa katako ya tsuke, haɗinsa ya buɗe. Masu irinsa sun fi son rumfa mai sanyi mai daɓen ƙasa, inda akwai 'yar laima. Ka ga wuri mafi tsada ba lalle ne ya zama mafi kyau ba.

Abu na biyu, takardar inshora. Da yawa daga cikin takardun suna faɗin watannin da dole jirgi ya kasance a ajiye, waɗansu kuma ba sa biyan ɓarnar daskarewa sai an nuna shaidar an shirya injin yadda ya kamata. Wanda bai karanta ƙananan rubutun ba yakan yi kuka biyu.

Abu na uku, lokaci. Wuraren ajiya masu kyau sukan cika tun kafin sanyi, makanikai kuma layi ake bi wurinsu a watan Oktoba. Magidancin nan namu da ya fara nema a Satumba ya riga ya makara, sai ya karɓi abin da ya samu, a kan kuɗin da aka yanka masa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin lura kuma, masu inshorar jirage a Amurka sun daɗe suna cewa ɓarnar daskarewa da yawa daga jihohin da ba su cika sanyi ba take zuwa. Mutumin Minisota ya san sanyi yana tafe, ya shirya. Mutumin kudu yakan ce ai sanyinmu bai kai ba, ko ya dogara ga ɗan abin ɗumama ɗaki da ya sa kusa da inji. A watan Fabrairu na 2021 kowa ya ji yadda sanyi ya afka wa jihar Teksas, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki. A irin wannan rana, duk injin da yake dogara ga lantarki domin ɗumi ba shi da mai tsaronsa.

Dabarar mutanen dā

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. A gaɓar tekun Norwe, tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mutane suna gina wa jiragensu ɗaki na musamman a bakin ruwa, su ja su ciki idan sanyi ya zo. Har yanzu ana ganin harsashin irin waɗannan gine-gine. A Amurka kuwa, a shekarar 2021 masu nutso sun fito da wani kwale-kwale daga Tafkin Mendota a jihar Wiskonsin, wanda ya kai shekara 1,200. A 2022 suka fito da wani mai shekara 3,000. Masana suna ganin mutanen ƙasar na asali sukan nutsar da kwale-kwalensu da gangan kusa da gaɓa, su bar shi cikin ruwa da laka har sanyi ya wuce. Itacen da yake nutse sarai ba ya bushewa balle ya tsage, ba ya kuma saurin ruɓewa, domin iska ba ta kai gare shi.

Mu ma muna da shaidar wannan a gida. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace a zurfin wajen mita 5. Da aka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka auna shekarunsa kimanin 8,000. Laka mai laima ce ta adana shi.

Namu hunturun

Wannan ya kawo mu gida. Koginmu ba ya daskarewa, amma kwale-kwalenmu yana da nasa lokacin wahala. Idan damina ta wuce, ruwan Binuwai da na ƙananan koguna ya janye, yashi ya bayyana, jirage da yawa sukan rasa aikin yi har wata da watanni. Magabcinmu shi ne busasshiyar iskar hunturu, da zafin bazara, da gara. Kwale-kwalen da aka ja aka yar bisa yashi a rana yakan tsage. Na katako, haɗinsa ya buɗe, kusoshinsa su yi sako-sako. Wanda kuwa aka bari rabi cikin ruwa rabi a waje, ruwan sama ko na kogi yana kwanciya cikinsa yana bushewa, shi ne mai saurin ruɓewa.

Saboda haka mai sabon jirgi a Numan ko Ibi ko Yawuri yana da irin tambayar mutumin Dulut. Ko ya bar shi cikin gurbi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, a ɗaure sosai, inda akwai idon jama'a. Ko ya fitar da shi sarai, ya ɗora bisa duwatsu ko turaku domin kada ya taɓa ƙasa gara ta hau, a ƙarƙashin inuwa ko rumfar zana, inda iska take ratsawa. Kafin ya koma aiki, a duba kowane haɗi, a toshe, a shafa kwalta ko fenti, a bar shi ya sha ruwa kwana biyu katako ya kumbura tukuna a ɗora masa mutum. Inji kuwa a cire shi, a bar shi ya ƙone sauran fetur ɗin da yake cikin kafireto, a canja man giya, a tsayar da shi a ɗaki mai kulle, nesa da murhu da hannun yara.

Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. A can ƙasar sanyi, wanda ya yi sakaci yawanci kuɗi yake asara. A nan, jirgin fito yana ɗauke da mata masu zuwa kasuwa da 'yan makaranta. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kogin Kwara kusa da Warra, a jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce jirgin tsoho ne marar ƙarfi, an kuma yi masa lodi fiye da kima. Ƙarfin katako a ranar aiki yana da nasaba da irin kulawar da ya samu a watannin hutu.

Lissafin da ya kamata a yi

Abin da muke so mu bar muku shi ne, ma'ajin abu yana cikin kuɗin abu. Sayen jirgi sau ɗaya ne, ajiyarsa kuwa kowace shekara ce. Wanda ya lissafta kuɗin saye kaɗai, rabin lissafi ya yi, kamar yaron da ya yi tarawa ya manta da abin da ya ajiye a ka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, haka wanda ya sayi jirgi ya san lokacin hutunsa yana zuwa.

Kafin a miƙa kuɗi, maigida da uwargida su zauna tare su amsa tambayoyi huɗu. Ina abin nan zai kwana a watannin da ba ya aiki? Me zai cuce shi a wurin? Wa zai riƙa dubansa? Nawa wannan zai ci a shekara? Idan an tara kuɗin saye da na ajiyar shekara 5 aka ga aljihu ba zai ɗauka ba, gara a sayi ƙarami wanda za a iya kula da shi, ko a haɗa kai da ɗan'uwa a saya tare, ko kuwa a ƙara haƙuri zuwa baɗi. Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya jira ruwa ya janye. Ya je yau ya duba inuwa, ya yi magana da sarkin ruwa da kafinta, tun suna da sukuni.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun sadu a wata mai zuwa.